Kafin Ki Haƙa Harsashin Gidanki, Rahila

Rikoto, Zuru.

Zuwa ga ɗiyata Rahila,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da jikokina Markus da Saratu, kuma kun isa Sakaba ba ku gamu da wani abin tsoro a hanya ba. Allah ya tsare fitarku da shigarku. Mamanki tana gaishe ku. Ga ta nan kusa da ni a kan tabarma tana ɓarar gyaɗa, ta ce in rubuta gaskiya tsantsa, in na karkace za ta sa baki.

Ranar da kuka tafi ban yi maki magana irin ta uba ba. Kin ce za ki gina gida a filin da marigayi mijinki Yohanna ya bari, ginin ƙasa irin wanda kika tashi a cikinsa, mai sanyi da rana, kuma ke da kanki za ki tsaya a kan aikin tun daga sharar fili. Ni kuwa na ɗaga murya na ce ba aikinki ba ne. Kika ɗauki jakar Saratu kika fita. Ba raini ba ne, ɗiyata, tsoro ne. Tun da ciwon nan ya taɓa mani ɓarin jiki, magana ba ta fita yadda nake so, in na yi niyyar lallashi sai ta fito kamar faɗa. Hannun dama dai Allah ya bar mani, shi ya sa na zauna in rubuta. Da ƙafata tana ɗaukata, da ina can tare da ke ina taka filin nan lungu lungu. Tun da babu hali, ki karɓi abin da nake da shi, wato ɓarnar da na yi da hannuna.

Kin san gidanmu na farko ya faɗi, kin kuma san abin da ya sami ƙafar mamanki. Amma kina ƙarama ƙwarai a lokacin, kuma abin da ake faɗa a gida shi ne ruwa ya yi yawa a shekarar. Ruwa ya yi yawa, gaskiya ne. Sai dai ruwan nan ya sauka a kan gidajen kowa, namu ne ya kwanta.

Sa'ad da na ajiye kaki na dawo gida, ba ki daɗe da yaye ba, yayanki Bulus kuma ya soma makaranta ke nan. Muka sauka gidan yayana, Baba Bawa naku, aka ba mu ɗaki guda kusa da rumbu. Mutumin kirki ne, amma ni na saba da bariki, inda Sajan in ya yi tari ake ƙamewa. A gidansa kuwa ni ƙane ne kawai, wanda ake aika ya ɗaure akuya. Wata rana muka yi sa-in-sa a kan wani ƙaramin abu da yanzu ko tunawa ba na yi, ya ce mani a gaban yara, “Ka dawo gida ke nan, sai ka koyi zama da mutane.” Na miƙe na ce masa ruwan farko na bana ba zai same ni a gidansa ba. Wannan magana ita ce ta gina gidan nan, ita ce kuma ta rushe shi. Duk abin da na yi bayan haka, da ido ɗaya na yi shi, ɗayan yana kallon sama ko hadari ya taso.

Kin fita daga nan ranki a ɓace, kuma ni na ɓata shi. Ina roƙonki kada ki ɗauki wannan ɓacin rai ki kai shi fili. Ba ki da abin da za ki nuna mani ko dangin Yohanna. In aikin ya ɗauki shekara biyu, ya ɗauka. Sauri ya haifi nawa, ni shaida ne.

Filin da na samu yana gindin dutse, shimfiɗaɗɗe kamar faranti. Tsakiyar rani ne, ko'ina ya bushe ƙayau, amma wurin nan ciyawarsa shar, ga inuwa, ga iska mai daɗi tana gangarowa daga dutse. Na tsaya na ce Allah ne ya ajiye mani. Da na kai mamanki ta gani, ta duƙa ta tsinki ciyawar tana juyawa a hannu, ta ce, “Baban Bulus, me ya hana wannan bushewa?” Na ce, “Albarka.” Ita ma ba ta san amsar ba, tambaya kawai ta yi, ni kuma ban so a yi mani tambaya ba. Ashe duk ruwan da ya sauka a kan dutsen nan, ta ƙarƙashin wannan fili yake bi ya tafi rafi. Wanda ake gani a sama kaɗan ne. Mai yawan yana tafiya a ɓoye cikin ƙasa, shi ne ke shayar da ciyawar har cikin rani.

Abin da ke hana ni sukuni shi ne, ke ma da rani kika ga filinki. Yohanna a hutu ya gan shi ya so shi, hutun soja kuwa ba ya jiran damina. Da za ki ji tawa, da kin bar damina guda ta wuce a kansa kina kallo, kina zaune a ɗakin da gwaggonsa ta ba ku, kina tara dutse a hankali. Duk ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi, da an ɗauke ki sa takalmin roba ki je ki tsaya, ki ga ta inda ya shigo, inda ya kwanta, da ta inda ya fita. Amma na san ki, jinina ce ke. In ba za ki iya jira ba, to ki karanta sawun da ruwa ya bari. Ki duba gindin ƙananan itatuwa, in kin ga kara da leda da tarkace sun maƙale duk ta gefe ɗaya, ruwa ne ya kawo su. Ki duba inda yashi mai laushi ya kwanta layi layi, da inda saiwoyi suka fito fili. In ƙasar baƙa ce ta tsattsage kamar bayan kunkuru, ki guje ta, irin wannan da damina kumbura take yi, da rani ta motse, tana wasa da bango har ta karya shi. Ki tambayi matan da ke noma gefen wurin, ba wanda ya sayar ba. Mai sayarwa zai ce maki ko raɓa ba ta kwana a nan. Kuma cikin filin ki zaɓi wurin da ya fi tudu, ko da ba shi ne ya fi kyan gani ba.

Sai shara. Akwai wani babban marke a daidai inda na so in sa ɗakin yara. Muka sare shi, na tara kara a kan kututturen na cinna wuta, ya ci kwana yana hayaƙi har ya yi daidai da ƙasa. Na ce shi ke nan. Tono saiwoyin zai ci mani lokaci, ni kuwa ba ni da shi. Akwai kuma suri a gefen gabas. Na sa diga na baje shi, har ina murna na sami ƙasa mai danƙo a kyauta. Ban haƙa na bi shi har ƙasa na fitar da uwar garar ba. Baƙar ƙasar sama kuma, mai ganye da taki, wadda dawa ke so, ban kwashe ta ba, na daddaɓe ta kawai na ce ta zauna.

Ba a rufa shekara ba gara ta fito ta cikin daɓen ɗaki. Ta ci tabarmi, ta hau bango ta kama itacen rufi, ta shiga akwatin mamanki ta cinye zannuwan aurenta, sai da ta buɗe za ta ɗauki na zuwa coci ta tarar da ƙasa. Ta zauna a bakin gado ta yi kuka mara sauti. Saiwoyin marken kuma suna can ƙarƙashi suna ruɓewa, suna barin rami a inda ba mai gani. Kusurwar ɗakinku ta soma nutsewa kaɗan kaɗan, har in an ajiye kwanon ruwa sai ka ga ya karkata.

Don haka ki kwashe ƙasar sama duka, ki tara ta gefe, za ta yi maki amfani a lambu. Duk kututture a tone shi da saiwarsa, kada ki yarda da mai ce maki wuta ta gama da shi. Ramin da ya bari a cike shi da burji kaɗan kaɗan, ana yayyafa ruwa ana daɓewa. In akwai suri a wurin ko kusa, a bi shi har gindi. In ya yi girma ainun, ki matsar da ginin, gara ta riga ki zuwa kuma ta fi ki haƙuri.

Yanzu ga babban, harsashi. Na kira gayya. Abokaina da muka yi noman golmo, wato noman neman aure, tare a gonakin surukai tun muna samari suka zo, da matasan coci, mamanki ta dama kunu tulu tulu. Aka ja igiya da ido, aka soma haƙa ana waƙa. Ba mu kai ko rabin ƙwauri ba diga ta fara tsalle, ƙasa ta yi tauri kamar dutse. Abokina Ishaku ya share gumi ya ce, “Sajan, a ƙara ko ya isa?” Na karɓi digar na sara da ƙarfi, ta dawo mani har kafaɗa ta amsa. Na ce, “Wannan ko tankar yaƙi ta hau ba za ta nutse ba.” Aka yi dariya aka fito. Ba wanda ya kawo a ransa ya zuba bokitin ruwa a ramin ya dawo washegari ya gani. Da mun yi haka da mun tarar da ita ta zama kamar tuwon da ya kwana. Laka ce rana ta gasa, ba dutse ba.

Kuma ga dutse a bayanmu, tsauni guda, kyauta, ba mai hana ka ɗiba. Amma fasa shi da ɗauko shi aiki ne na makonni, hadari kuwa ya fara leƙowa ta gabas. Sai na sa aka jera tubalin ƙasa tun daga cikin ramin. Ki duba wannan wauta: ƙasa a cikin ƙasa, a kan hanyar ruwa. Bayan haka, filin da na ce shimfiɗaɗɗe ne ashe yana da ɗan gangare ta yamma. Maimakon in sassaƙe gefen tudun in daidaita, sai na kwaso ƙasar da muka haƙa na zuba a gefen kwarin, muka tattaka da ƙafa, na aza bango a kai. A kan wannan cikon ɗakinku ya zauna, ke da Bulus, a kan saiwar marke, ta gefen da ruwa ke fita.

Mun shiga gidan kafin ruwan farko. Na cika maganata. Na tuna ina tsaye a ƙofa ana yayyafi, ƙirjina a buɗe, ina jin kamar na ci yaƙi.

Ki saurare ni a nan ko da ba ki saurari sauran ba. A haƙa har a wuce baƙar ƙasa, a wuce laka, a kai ga jan burji ko tsakuwa mai kama jiki, ko da zai kai mutum ƙugu. Kada gajiyar masu haƙa ta yanke maki zurfin rami, kuma kada kunya ta hana ki cewa a ƙara don ke mace ce su maza. Ki shiga ramin da ƙafarki. Faɗinsa ya fi kaurin bangon sosai, don bangon ƙasa nauyi gare shi, yana son wurin zama mai faɗi. Gindin ramin ya kwanta daidai. In wurin gangare ne a yanka shi hawa hawa kamar matakala, kada a bi gangaren, kada kuma a aza komai a kan ciko. Magina suna da siririn tiyo mai ruwa a ciki da suke gwada daidaito da shi, ki sa a yi amfani da shi, ido maƙaryaci ne. Sa'an nan dutse. Manya a ƙasa, kowanne a kwance a kan faffaɗan gefensa, ana cusa ƙanana a tsakani har ya zama in kin taka ba ya motsi. Dutsen nan ya fito sama da ƙasa har gwiwa kafin tubali na farko ya hau. In kina da halin siminti kaɗan, a nan za ki sa shi, ba a ado ba. A shimfiɗa leda mai kauri a kan dutsen kafin a fara ƙasa, don danshi hawa yake yi kamar yadda mai ke hawa lagwani.

Damina ta farko ruwa ya kwanta a bayan gida har ya taɓa bango. Na ɗauki shebur na yanka lambatu na kore shi kudu, ban tsaya na duba inda zai faɗa ba. Ya faɗa gonar maƙwabcinmu Malam Sani, wani mutumin Danko da ya daɗe da zama a nan, ya kwashe masa kunyoyin gyaɗa. Ya zo da safe ya yi sallama, ya ce, “Sajan, wanga ruwa da ka koro mani, ina kake so in kai shi?” Na ce, “Ruwan Allah ne, Malam.” Ya ce, “Na Allah ne, amma kai ka yi mai hanya.” Na ce ya kai ƙara inda ya ga dama. Daga ranar muka daina gaisawa. Da na zauna da shi, da mun ja lambatun tare ta kan iyaka har rafi, kowa ya huta. Da ya ƙi magana da ni, sai ya tare bakin lambatun da ƙasa ta gefensa, ruwan ya dawo ya kwanta a gindin bangona, ni kuma girman kai ya hana ni zuwa.

Ke baƙuwa ce a Sakaba, kuma gwauruwa mai yara biyu. Kafin ki kafa turke ko ɗaya, ki kira ƙannen Yohanna da mai unguwa da duk wanda gonarsa ko filinsa ya taɓa naki, su tsaya a nuna iyaka da rana tsaka kowa yana gani. Ki tambayi na ƙasa da ke ta ina yake so ruwanki ya bi. Ki ja lambatu ta saman gidan tun kafin a fara gini, ya tare ruwa ya zagaya da shi. Kuma ki duba ko akwai gidaje kusa. Ba sai na faɗa maki abin da ake ji a ƙauyukan wajen nan ba. Ba na son ki zama gidan ƙarshe a bakin daji, inda in kin yi kira ba mai ji.

Gidan ya yi mani gargaɗi, ban ce bai yi ba. A damina ta biyu tsaga ta fito a kusurwar ɗakinku, daga ƙasa ta hau a karkace. Na kwaɓa ƙasa na shafe. Ta sake buɗewa, na sake shafewa. Sai ƙofar ɗakin ta fara cijewa, ba ta rufuwa sai an sa kafaɗa. Na cire ta na kai wa kafinta ya rage mata baki, na mayar, ta rufu lafiya lau, na ce an gama. Ban tambayi kaina me ya sa ƙofar da ta yi shekara tana rufuwa ta daina ba. Ba ƙofar ce ta ƙaru ba, bangon ne ke sauka a kanta. In kin taɓa ganin tsaga mai hawa a karkace, ko ƙofa ta fara gardama, ko gindin bango ya yi duhu yana ɓarɓashi, ki fitar da yara daga ɗakin a ranar, ki nemo wanda ya sani. Kada ki shafe.

A damina ta uku aka yi marka, kwana da kwanaki ba a ga rana ba. Ranar da abin ya faru da hantsi ne. Bulus yana makaranta. Ke kina fama da zazzaɓi, an ba ki magani kin yi barci a ɗakinku. Ni ina zaune a rumfa ina sa wa fartanya ƙota, mamanki tana fama da ɗanyen itace a murhu. Sai na ga ta ɗaga kai. Daga baya ta gaya mani wani sauti ta ji, kamar ana zuba dawa a kwano a hankali. Ƙasa ce ke zubowa daga bango. Ta yar da muciya ta ruga. Na miƙe ina cewa “Lafiya?” sai na gan ta a bakin ƙofar ɗakinku ɗauke da ke. Ƙofar ta cije rabi, ba ta iya fitowa da ke a rungume, sai ta turo ki ta tsakanin, ta ce, “Karɓe ta!” Na karɓe ki. Jikinki zafi kamar garwashi. Ban ko juya ba bangon yamma ya taho gaba ɗaya.

Ba ƙara mai yawa ya yi ba, Rahila. Jiƙaƙƙiyar ƙasa ba ta ƙara. Wani irin nishi kawai, sai ga sama a inda ɗaki yake.

Na ajiye ki a cikin ruwa a tsakar gida kina tsala kuka, na faɗa kan ƙasar da hannu. Ina ganin kanta da kafaɗarta, daga ƙugu zuwa ƙasa kuwa bango ne da itacen rufi. Na je wuraren da aka yi harbi, na ɗauki abokai a kafaɗa, amma ban taɓa rasa abin yi ba sai ranar. Ina tono ƙasa tana komawa. Ina kiran sunan Yesu, ina kiran sunanta. Ita kuwa abin da take ta faɗa shi ne, “Ɗauke yarinyar daga ruwa.”

Wanda ya fara isowa Malam Sani ne, da 'ya'yansa, kowa da fartanya. Shekara biyu ba mu ce wa juna ina kwana ba. Bai dube ni ba, ya ce wa babban ɗansa, “Kama nan, a ɗaga iccen tukuna, kada a ja ta.” Matarsa ta ɗauke ki ta goya. Muka fito da mamanki, muka kwantar da ita a kan ƙofar nan da na kai wa kafinta, muka ɗauka har bakin titi don a kai ta asibiti. Malam Sani yana riƙe da gaba, ni baya, santsi yana kwasarmu. Ta yi watanni a kwance. Ƙashin ya kama, amma bai kama daidai ba, kin dai ga yadda take tafiya har yau.

Da yamma na kwashe ku da abin da ya rage na kaya na nufi gidan Baba Bawa. Duk hanya ina shirya abin da zan ce da abin da zai ce. Ya fito ya gan mu a jiƙe, ya dubi Bulus, ya dube ki, ya ce, “Ku shigo, ruwa na dukan yara.” Har ya koma ga Ubangiji bai taɓa tayar da maganar ba.

Mamanki ta sa baki yanzu. Ta ce in gaya maki ƙafa ba komai ba ce, ta kai ta coci ta kai ta kasuwa shekara da shekaru, kada in cika maki takarda da kuka. Ta ce abin da ya fi muhimmanci na manta: ramin da za a ɗebi ƙasar gini. Gaskiyarta. Kada a haƙa shi kusa da gida, don da damina zai zama kududdufi, Markus kuwa ba ya ganin ruwa ya wuce. A yi shi nesa, ta gefen gangare, in an gama a cike ko a kewaye da ƙaya. Ramin harsashi ma kada a bar shi a buɗe yara suna wasa a baki. Ta ce kuma masai ya zauna ta ƙasa, rijiya ta sama, da tazara mai yawa. Ta ce kada ki ɗauki dutse a ka don ki nuna kina iyawa, ki kira gayya, matan zumunta za su zo in kin yi masu kunu, bayanki guda ne kuma yaran nan ba su da wani sai ke.

Gidan da kika girma a ciki, wannan da nake zaune a inuwarsa, shi ne na biyu. Na yi damina biyu a ɗakin nan na kusa da rumbu a gidan yayana, ina kallon filinsa kafin in taɓa shi. Ni da Baba Bawa muka fasa dutsen, Malam Sani ya ba mu aron jakinsa. Mutane suna wucewa suna cewa Sajan kabari yake haƙa ko rijiya. Na bar su suka yi dariyarsu. Kin yi wasa a gindin bangon nan, an yi maki aure daga cikinsa, kin dawo cikinsa da makokin mijinki, har yau ko tsagar da allura za ta shiga babu. Ginin ƙasa ba shi da laifi, ɗiyata. Kin zaɓi abu mai kyau. In ƙafarsa tana kan dutse, kansa kuma yana da rufi mai baki da ke jefa ruwa nesa da bango, zai ga jikokinki.

Duk da haka ba zan ɓoye maki ba, hankalina ba a kwance yake ba. In hadari ya haɗu a nan, Sakaba nake tunani. Ina ganin Saratu tana barci a ɗakin da ban taɓa ganin gindinsa ba.

Saboda haka ga roƙona guda. Ranar da masu haƙa suka ce maki ya isa, kada ki bari a sa dutse tukuna. Ki shiga ramin, ki ɗebi ƙasar gindinsa cike da hannu daga kowace kusurwa, ki ƙulla kowace a ledarta daban, ki ba direban da ke zuwa Zuru ranar kasuwa ya kawo mani. Zan jiƙa ta in murza a tafin hannuna. In ta yi santsi kamar sabulu zan aiko a ce maki a ƙara zurfi, in ta yi ƙaiƙayi tana cizon hannu zan ce a aza. Ba don ban yarda da idonki ba. Ki bar tsoho ya taɓa gidan ɗiyarsa ko sau ɗaya kafin a rufe ramin.

Ubangiji ya tsare ki daga sharrin hanya da sharrin dare, daga ruwa da iska, daga mugun mutum da muguwar shawara. Ya ba hannunki ƙarfi, ya ba zuciyarki haƙuri, ya sa ku kwana a ƙarƙashin rufinku cikin salama ku tashi cikin salama. Ki shafa mani kan Markus da Saratu. Ki gai da gwaggon Yohanna, ki yi mata godiya a madadinmu. Mamanki ta ce gyaɗar nan taku ce, za ta biyo direban.

Ni ne babanki,
wanda ke jiran ƙasarki.